Tankin sitenles ya yi tsatsa a gefen walda: jabun ƙarfe ne ko wuta ce ta ɓata shi?

Mai Walda
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani abu ne ya ɗaure min kai, na ce bari in kawo shi gaban manya. Wata biyar da suka wuce na haɗa wa wani mai aiki tanki da farantin sitenles nau'in 304 mai kaurin milimita 8. Ruwan ɗumi mai ɗan asid suke zubawa a ciki, suna wanke kayan ƙarfe kafin fenti. Jiya ya kira ni rai a ɓace, wai tanki yana yoyo. Na je na duba da idona. Waldar kanta lafiyarta ƙalau, har sheƙi take yi. Amma a kowane gefenta, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba, ga wani siririn layi mai duhu ya bi ta tun daga farko har ƙarshe, kai ka ce da rula aka ja shi. In ka goga farce sai ka ji kaushi. Sannan a bango ɗaya akwai wani tabo mai faɗin tafin hannu, ta nan ruwan yake tsattsafowa. Sauran jikin tankin fes. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa jabun ƙarfe aka sayar min, amma kafin in je in yi wa mutum rashin mutunci ina so in ji ta bakinku.

Ɗan Gareji
Wa'alaikumus salam. Oga kada ka wahalar da kanka, jabu ne. 201 suka ba ka da sunan 304. Ɗora masa maganaɗisu, in ya kama magana ta ƙare.

Ɗalibar Ƙarafa
Yaya Ɗan Gareji, maganaɗisu ba ya raba wannan gardamar fa. Shi ma 201 ba ya kama shi, danginsu ɗaya da 304, nikel aka rage masa aka cike da manganis. Kuma 304 na gaske in an lanƙwasa shi ko an buge shi da sanyi, wurin yakan ɗan ja maganaɗisu. Ni abin da nake tambaya, in jabu ne, me ya sa tsatsar ta zaɓi layi biyu da tabo ɗaya ta ƙyale sauran?

Sufeton Bututu
Tambayar 'yar'uwa ita ce tambaya. Ruwa ba ya tsami banza. Malam Mai Walda, wace sandar walda ka yi amfani da ita, kuma sau nawa ka bi kan layin? Kana barin shi ya huce tsakanin bi da bi? Wane asid ne a ruwan? Sannan wannan tabon na bango, ka tuna ko wuta ta taɓa wurin?

Mai Walda
Sanda 308 ce, ranka ya daɗe. Bi huɗu na yi, kuma gaskiya ban jira ba, don ana matsa min a kan lokaci. Asid ɗin fosforik ne, sun ce sirkakke. Batun tabo kuwa, yanzu da ka faɗa na tuna. Da na gama walda bangon ya banƙare, sai na sa masa wutar gas har ya yi ja mai duhu, na daddake shi da guduma ya miƙe. Daga nan na kwantar da tankin na rufe wurin da busasshen yashi ya kwana, don ya huce a hankali. Haka maigidana ya koya min, ya ce ƙarfen da ya huce da gaggawa tsagewa yake yi.

Sufeton Bututu
To ai ka kama ɓarawonka da hannunka. Injiniya, bismillah, wannan fagenka ne.

Injiniya
Na gode Sufeto. Malam Mai Walda, ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen, don in ba a fahimci tushen ba gobe ma haka za a sake yi.

Abin da ke hana sitenles tsatsa kuromiyam ne. Sai ƙarfe ya ƙunshi aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na kuromiyam ake kiransa sitenles, shi kuwa 304 yana da kusan 18, da nikel kusan 8. Kuromiyam ɗin da ke saman ƙarfe yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, kaurinta 'yan nanomita ne kawai. In an karce ta, da kanta take sake tofowa, muddin akwai isasshen kuromiyam a daidai wannan wurin. Ku riƙe wannan kalmar: a daidai wurin.

Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. In ka goge shi ka sa a madubin ƙara girma, za ka ga ƙwayoyi ne manne da juna, kamar busasshiyar laka da ta tsattsage, kowane ɓangare da iyakarsa. A cikin 304 akwai ɗan kabon, har zuwa kusan kashi 0.08. Daga masana'anta wannan kabon a warwatse yake cikin ƙwayoyin, ba ya cutar da kowa. Amma in ƙarfen ya zauna tsakanin digiri 450 zuwa 850 a ma'aunin Selshiyas, kabon sai ya taso ya taru a iyakokin ƙwayoyi, ya kama kuromiyam su zama kabaid. Ba kabaid ɗin da ake jiƙawa a samu gas ba, wannan na kuromiyam ne. Matsalar ita ce tafiyar su biyun ba ɗaya ba ce. Kabon ƙarami ne, mai sauri, daga ko'ina cikin ƙwayar yake zuwa. Kuromiyam kuwa nauyin jiki gare shi, sai wanda ke bakin iyaka ake kwashewa, na ciki ba ya isowa da wuri ya cike gurbin. Sai a wayi gari akwai wani siririn zirin ƙarfe a gefen kowace iyaka da kuromiyam ɗinsa ya faɗi ƙasa da abin da fatar nan ke buƙata. Wannan zirin ya daina zama sitenles. Asid yana zuwa sai ya bi ta nan kamar yadda gara ke bin itace, waje lafiya, ciki an gama da shi.

Ja mai duhun nan da ka gani a wutar gas, wajen digiri 600 zuwa 700 ke nan, tsakiyar wurin haɗari. Ka kai shi can, sannan ka lulluɓe shi da yashi don kada ya fita da wuri. Da niyya ma aka ce a lalata wurin, da wuya a yi abin da ya fi haka.

Layukan nan biyu kuma ga dalilinsu. Waldar kanta ta narke a sama da digiri 1400, abin da ke manne da ita ma ya wuce zafin da kabaid ke zama, kuma ya fi saurin hucewa. Can nesa kuma zafi bai kai ba. A tsakani akwai wurin da ya fi daɗewa a 650 zuwa 700, shi ne layinka. Ga shi 304 ba ya watsa zafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da baƙin ƙarfe ke watsawa yake yi. Bi huɗu a jere babu hutawa, zafin yana nan zaune.

Ɗan Gareji
Wato in aka kai shi ɗakin gwaji za a ga kuromiyam ya ragu?

Injiniya
A'a, a nan mutane ke ruɗewa. In ka ɗora masa bindigar auna sinadarai za ta nuna maka 18 cif. Kuromiyam bai je ko'ina ba, ɗaure shi aka yi a inda ba ya amfani.

Ɗalibar Ƙarafa
Na ɗan buga lissafi. A wannan kabaid ɗin ƙwayar zarra 23 ta kuromiyam ke tafiya da 6 ta kabon. 23 sau 52 ya ba da 1196, 6 sau 12 ya ba da 72. Ke nan kowane giram ɗaya na kabon zai iya ɗaure kusan giram 17 na kuromiyam. Na daɗe ina mamakin yadda kabon 0.08 na 304 da 0.03 na 304L, wato nau'insa mai ƙarancin kabon, za su bambanta haka, ashe ga inda abin yake.

Tsohon Maƙeri
Injiniya, da girmanka, amma ban yarda da kai duka ba. Shekara arba'in ina wasa da wuta. Duk ƙarfen da ka fitar ja ka tsoma a ruwa, ƙarfi zai yi ya bushe, ka buga ya karye kamar kwalba. Maigidan yaron nan gaskiya ya koya masa. Yanzu kana so ka ce da ya watsa masa ruwa ya fi?

Injiniya
Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa gaskiya ne a kan baƙin ƙarfe mai kabon, ko kusa ba na ja da kai. Ko a manyan masana'antu, in an yi wa tukunyar baƙin ƙarfe mai kauri walda, ana sa ta a tanderu wajen digiri 600 zuwa 650 a bar ta ta huce a hankali don ta saki jiki. Sai dai 304 ba ya cikin wannan dangin. Nikel ɗin da ke cikinsa yana riƙe tsarin ƙwayoyinsa yadda yake tun daga zafi har sanyi, don haka tsomawa a ruwa ba ta ƙara masa tauri ko kaɗan. Hanyar taurara shi ɗaya ce, bugu ko murzawa da sanyi. A masana'anta ma haka ake gama shi: a kai shi digiri 1010 zuwa 1120, inda duk kabaid ke narkewa ya koma cikin ƙwayoyi, sannan a sanyaya shi da gaggawa, mai kauri da ruwa, siriri da iska mai ƙarfi, don ya tsallake 850 zuwa 450 a guje kafin kabon ya samu damar taruwa. Yana fitowa daga ruwan a mafi laushinsa kuma a mafi juriyarsa ga tsatsa.

Amma kada a ɗauka na ce ya gasa da gas ya watsa ruwa shi ke nan. Daga ja mai duhu ruwa zai rage ɓarnar ne kawai, ba zai goge wadda ta riga ta faru yana kan wuta ba.

Tsohon Maƙeri
Ikon Allah. Ƙarfen da ruwa ke sa shi laushi. To na ji, amma sai na gwada da hannuna.

Injiniya
Gwada Baba, gani ya kori ji. Ka samu gutsure biyu na 304, ka gasa su har launinsu ya kai ruwan lemo mai haske, ka sa ɗaya a ruwa ɗaya a toka, ka sa musu zarto ka ji.

Mai Wuƙaƙe
Ku tsaya kada a kwashe mu duka a buhu ɗaya. Ni da 420 da 440C nake aiki, su ma sitenles ne, kuma wuta tana taurara su sarai. Ina kai su wajen digiri 1000 zuwa 1050, in sanyaya a mai ko tsakanin faranti biyu, sannan in mayar da su tanderu a 150 zuwa 200 don a rage musu gautsi. Abin da na lura da shi tun kafin in san dalili: sandar 440C da ba a taurara ba, in ta kwana da danshi sai ka ga ɗige-ɗige a jikinta, amma wuƙar da na gama da ita daga wannan sandar ba ta yi. Daga baya na gane cewa ƙarfen yana da kabon kusan kashi 1, a laushinsa kuromiyam da yawa yana ɗaure cikin kabaid, zafin taurarawa ne ke narkar da wani ɓangare ya sako shi. Na taɓa yin kuskure sau ɗaya, na yi gashi na biyu a wajen 500 don ina so wata babbar wuƙa ta yi juriyar sara. Ba ta yi juriyar ba, ga shi kuma ita ce ta fara tsatsa a cikin 'yan'uwanta.

Injiniya
Daidai. A wannan dangin ana gudun gashi na biyu tsakanin kusan 425 zuwa 600, don a nan ƙananan kabaid na kuromiyam ke sake fitowa, kuma ƙarfen yana yin gautsi. Ko ka tsaya ƙasa, ko in laushi ake nema ka haura sama ka haƙura da ragin juriyar tsatsa.

Sufeton Bututu
Bari in ɗan kawo cikas, don na ga kowa ya sallama. A kan tabon bango ba ni da ja. A kan layukan gefen walda kuwa ina da shakka. Wannan cutar ta iyakar ƙwayoyi a littafi ta fi yawa yanzu. A da can, e, kabon yana da yawa a sitenles don cire shi ba tare da an ƙone kuromiyam ba abu ne mai wuya. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 da aka fara tace narkakken ƙarfe da haɗin iskar agon da oksijin, rage kabon ya zama abu mai sauƙi. Yawancin farantin da nake dubawa yau hatimi biyu gare shi, 304 da 304L a tare, kabon bai wuce 0.03 ba. Irin wannan sai ya yi awanni a wurin haɗari kafin ya kamu, walda ba ta isa ba. A aikina, in aka kira ni kan tsatsar gefen walda, galibi ɗayan biyu nake tararwa. Ko dai launin zafi ne aka bari, wannan ruwan zinare da shuɗi da shunayya da masu walda ke ɗauka a hoto suna alfahari, ko kuma an goge wurin da faifan giranda ko burushin waya da aka yi aikin baƙin ƙarfe da shi.

Ɗan Gareji
Haba Sufeto, launin nan ai shi ne adon aikin. Har cewa ake yi in ya yi bakan gizo hannu ya faɗa.

Sufeton Bututu
Adon hoto dai. Wannan launin fatar oksaid ce da ta yi kauri saboda zafi, kuma daga ƙarfen da ke ƙarƙashinta ta zuƙi kuromiyam. Ita ba ta kare komai don tana da ƙofofi, abin da ke ƙasanta kuma ya talauce. Ruwa mai gishiri ko kulorin yana samunsa sai ƙananan ramuka kamar zanzana. Gwargwadon duhun launin, gwargwadon ɓarnar. A bututu ma abin ya fi muni ta ciki, inda ba mai gani, shi ya sa ake cika cikinsa da agon kafin a fara walda. Bambancin wannan da abin da Injiniya ya bayyana shi ne wannan a sama yake, ana cire shi da gogewa da wankin asid. Wancan kuwa ya shiga jiki.

Injiniya
Ban ƙi taka ba Sufeto, kuma a aikin yau da kullum kai ne da gaskiya. Amma dubi abin da ya bayyana: layi siriri, miƙaƙƙe, nesa kaɗan da walda, a duka gefe biyu daidai wa daida, waldar kuma tana sheƙi. Ƙurar baƙin ƙarfe ba ta jan layi haka, watsuwa take yi duk inda giranda ta bi. Kuma ba kowane faranti ne mai hatimi biyu ba. Har yanzu ana yin 304 zalla, akwai ma 304H da ake barin kabon ɗinsa tsakanin 0.04 zuwa 0.10 da gangan don ya yi ƙarfi a aikin zafi mai tsanani. Ga kauri milimita 8, ga bi huɗu babu hutu.

Sufeton Bututu
To takarda za ta raba mu. Malam Mai Walda, akwai lambar narki, wato lambar da masana'anta ke bai wa kowane zubin ƙarfe, a jikin ragowar farantin? Ka nemi takardar shaidar masana'anta mai wannan lambar, ka karanto mana kabon. Sannan gaya mana gaskiya, ka wanke launin bayan walda?

Mai Walda
Na goge da sabon burushin sitenles har launin ya fita, amma ban sa asid ba. Takarda kuma zan nema, akwai ragowa a ajiye da rubutu a jiki.

Sufeton Bututu
Burushi yana cire launin da ido ke gani, ba lallai ya cire talautaccen ƙarfen da ke ƙasa ba. Don haka ban janye ba tukuna.

Baƙo a Zaure
Ni tawa shawarar mai sauƙi ce, ya koma 316 ya huta.

Ɗalibar Ƙarafa
An gudu ba a tsira ba ke nan. Molibdinam ɗin da ke cikin 316, kashi 2 zuwa 3, ramukan gishiri yake hanawa. Ba ya hana kabon kama kuromiyam. In dai za a canza, harafin L ɗin nan shi ne abin nema, 304L ko 316L. Ko kuma 321 mai taitaniyam da 347 mai nayobiyam, waɗanda aka zuba musu abin da ya fi kuromiyam son kabon, ya riga shi kamawa.

Injiniya, ina da tambaya. Malaminmu ya ce 430 akasin haka yake yi, ban gane ba.

Injiniya
Tambaya mai kyau. 430 ba shi da nikel, tsarin ƙwayoyinsa irin na baƙin ƙarfe ne, kuma wannan tsarin ba ya iya riƙe kabon a narke. In ya haura kusan 925, kamar a gefen walda, yana sanyi kabaid ke fitowa, ko da ruwa ka sanyaya shi ba ka riga shi ba. Amma a irin wannan tsarin kuromiyam yana tafiya da sauri ƙwarai fiye da a 304. Sai ka mayar da shi wajen digiri 800 na ɗan lokaci, kuromiyam na cikin ƙwaya ya gangaro ya cike wuraren da aka kwashe. Ga abin dariyar: zafin da ke sa wa 304 cuta shi ne maganin 430. Shi ma 304 in ya daɗe ƙwarai a zafin yakan warke ta haka, amma lokacin da zai ɗauka ya yi tsawon da ba mai dogara da shi a wurin aiki.

Su 321 da 347 da kika ambata su ma da nasu. Dab da walda, inda zafi ya wuce 1200, kabaid ɗin taitaniyam ko nayobiyam yana narkewa, in aka sake ɗumama wurin zuwa 650 sai kuromiyam ya riga su. Tsatsar takan fito siririya kamar yankan wuƙa, manne da waldar.

Ma'aikacin Matata
Ina ta karatu shiru, amma bari in sa baki don kada a ɗauka matsalar ƙananan masu walda ce kawai. A matatun mai akwai bututun sitenles da ke aiki shekara da shekaru a cikin wannan zafin, babu yadda za a yi, dole su kamu. Suna aiki lafiya muddin da zafi. Ranar da aka kashe na'ura don gyara, iska da danshi suka shiga suka haɗu da dattin sulfa da ke bango, sai wani asid ya samu wanda ke bin iyakar ƙwayoyi ya tsaga bututu cikin ɗan lokaci. Shi ya sa kafin a buɗe ake wanke ciki da ruwan soda ko a cika shi da busasshen naitirojin. Tashoshin nukiliya masu tafasa ruwa ma sun sha wannan a shekarun 1970 da farkon 1980 a Amurka da Japan, bututun 304 suna tsagewa a gefen walda cikin ruwa mai tsabtar gaske, har aka canza da yawa zuwa 316 mai ƙarancin kabon. Don haka Malam Mai Walda, ba kai ne farau ba.

Ɗan Gareji
Kai, ashe abokan kukanka manya ne Oga.

Baƙo a Zaure
To dufleks fa? Shi ma wani dangin sitenles ne, na ji ana yabon nau'insa 2205.

Injiniya
Yana da kyau, kuromiyam 22, molibdinam 3, ga naitirojin, kabon kaɗan. Amma ya fi 304 rashin haƙuri da wuta. Tsakanin kusan 600 zuwa 1000 yana fitar da wani abu mai gautsi da ake kira sigma, wanda ke kwashe kuromiyam da molibdinam tare, kuma a wajen 850 'yan mintuna sun isa. A 475 ma yana yin gautsi in ya daɗe, shi ya sa ba a sa shi aikin da ya wuce kusan digiri 300. Wanda zai miƙar da bango da wutar gas, gara ya bar dufleks inda ya gan shi.

Mai Kula da Zaure
Jama'a a dawo kan tanki. Masu turo tallar injin walda kuma na goge, a kiyaye.

Mai Walda
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana shida. Na samo takardar, lambar ta yi daidai da ta jikin farantin. Kuromiyam 18.2, nikel 8.1, kabon 0.07, hatimi ɗaya, 304 kawai. Alhamdu lillahi da ban je na zagi bawan Allah ba. Sannan na yanko gutsure daga tsakiyar tabon, na yanko wani daga wuri mai lafiya. Mai lafiyar na matse shi a bais na lanƙwasa har ya kusa haɗe baki, ko gezau. Na tabon kuwa tun kafin ya yi rabi bayansa ya tsattsage, wani gari-gari kamar yashi yana zubowa. Abin da ya fi ba ni tsoro, da na jefa su a siminti, ɗaya ya yi ƙara irin ta ƙarfe, ɗaya ya yi tim kamar katako.

Sufeton Bututu
0.07 a milimita 8. To Injiniya, na sallama maka layukan, ko da yake ina nan a kan cewa rashin wankin asid ya taimaka. In mai tankin yana son hujja a rubuce, ɗakin gwaji zai yi masa gwajin ASTM A262, wanda ake gano wannan cutar ta iyakar ƙwayoyi da shi, akwai na asid ɗin okzalik mai sauri da ake duba iyakoki a madubi, akwai wanda ake dafa gutsuren a ruwan jan ƙarfe da asid sannan a lanƙwasa. Amma abin da ka gani a bais ya riga ya faɗi magana.

Mai Walda
Yanzu mene ne mafita? In sa tankin duka a tanderu a kai shi 1050 ɗin?

Injiniya
Da kafin a zuba asid ne, kuma da akwai tanderun da zai ɗauke shi da wurin tsoma shi gaba ɗaya, da sai in ce e, duk da cewa zai iya murɗewa kuma dole a wanke ɓawon da zai yi. Yanzu kuwa asid ya riga ya ci iyakokin, zafi ba ya mayar da naman da aka cinye. Faci ma ban ba ka shawara ba, don duk inda layin nan ya bi a kame yake, yau bango gobe gindi. A sake shi da 304L da sanda 308L, in kuma ruwan nasu yana da gishiri ko kulorin a tafi 316L da sandarsa. Wuta kaɗan-kaɗan, bi siriri, ka bar shi ya sauka ƙasa da digiri 150 kafin ka sake bi. Ka goge mai da fenti kafin ka kunna wuta, don su ma kabon suke ƙarawa. Banƙarewa kuma tun farko ake tare ta, da ɗauri da ɗigon walda kusa-kusa da tsallake-tsallake, saboda 304 ya fi baƙin ƙarfe buɗewa da zafi da kusan rabi. In duk da haka ya banƙare, jak da sanyi.

Sufeton Bututu
Kuma a wanke da man asid na sitenles bayan an gama. Amma don Allah a kula, akwai asid ɗin haidirofulorik a cikinsa, yana ratsa fata ya kai ƙashi tun ba ka ji zafi sosai ba. Safar roba mai kauri, tabarau, wuri mai iska, ruwa a kusa, da man kalsiyam gulukonet, maganin ƙunar wannan asid, a ajiye kafin a buɗe robar.

Tsohon Maƙeri
Na gwada abin nan jiya. Na ruwan zarto ya ci shi kamar ba a taɓa sa shi a wuta ba. Har yanzu hannuna bai yarda ba, amma idona ya gani.

Mai Walda
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da mai tankin, mun daidaita zan sake masa, shi zai kawo faranti ni in yi aikin. Na ce masa kada ya karɓa sai da takarda kuma sai ya ga L da idonsa. Saura in je in sami maigidana in yi masa bayanin yashin nan, ban san ta inda zan fara ba.

Tsohon Maƙeri
Tafi masa da gutsuren biyu, ka jefa su a ƙasa a gabansa, kada ka ce komai.